Yadda Za Ka Zaɓi Hedfon Mai Kashe Hayaniya Idan Kullum Kana Kan Hanya a Abuja

Duk wanda yake fitowa daga Kubwa da ƙarfe shida na safe don ya isa ofis a Garki kafin takwas, ko wanda yake tasowa daga Mararaba ya maƙale a cunkoson Nyanya, ya san abin da hanya take yi wa kan mutum. Ga ƙugin inji da ba ya yankewa, ga hon, ga rediyon direba, ga wani fasinja yana ta faɗa a waya kamar da wanda yake gabansa yake yi. Ka isa wurin aiki ba ka taɓa komai ba, amma kanka ya riga ya yi nauyi. Da yamma ka sake bin hanyar, ka isa gida ka tarar an ɗauke wuta, janaretan maƙwabta ya ɗora daga inda mota ta tsaya.

Ni a Kubwa nake zaune. Aiki yakan kai ni Kaduna ta jirgin ƙasa, iyayena kuma suna Jos, don haka hanyar Keffi da Akwanga da Hawan Kibo ba baƙuwata ba ce. Ranar da na zauna na lissafa awoyin da nake kashewa a cikin ƙarar inji kowane mako, ranar na daina kallon hedfon mai kashe hayaniya a matsayin kayan gayu. Sai dai kaya ne mai tsada, kuma an fi yin asara a kansa ta hanyar sayen suna. Mutum ya ji an ce wannan ne ya fi kowanne, ya tura kuɗi, a kawo, bayan mako biyu ya ajiye shi a durowa saboda yana matse masa kai. Abin da zan bi da kai a nan shi ne yadda za ka zaɓa daidai da kanka, da wayarka, da hanyar da kake bi.

Fara da sanin abin da yake iya kashewa

A shekarar 1978 wani malamin jami'a a Amurka, Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin Bose, yana cikin jirgin sama a hanyarsa ta dawowa daga Turai, aka ba shi hedfon don sauraron kiɗa, amma rugugin jirgin ya hana shi jin komai yadda ya kamata. A cikin jirgin ya fara lissafin yadda za a soke ƙarar. Sai a 1989 kamfaninsa ya fitar da na matuƙan jirgi, na sauran jama'a kuma ya biyo baya a 2000.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Sauti motsin iska ne, yana turowa yana janyewa. A jikin hedfon akwai ƙananan makirufo, wasu a waje suna sauraron hayaniyar da ke tahowa, wasu a ciki kusa da kunne suna sauraron wadda ta samu shigowa. Wata 'yar na'ura a ciki sai ta ƙirƙiri sauti wanda yake kishiyar wancan: inda hayaniya ta turo, shi ya janye, inda ta janye, shi ya turo. Idan suka haɗu sai su cinye juna kafin su kai ga dodon kunne. ANC da kake gani a jikin kwali, wannan aikin ake nufi.

To ga abin da masu shago ba sa faɗa. Dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda take tafiya a kan layi ɗaya ba ta canzawa, kamar ƙugin injin bas, rugugin jirgin sama, gunjin janareta, hucin na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarar taya a kan kwalta. Irin waɗannan kana kunnawa za ka ji kamar an rufe ƙofa a kansu. Amma hon, kukan jariri, ihun kwandasta yana kiran Berger ko Area 1, waɗannan sirara ne kuma ba zato suke zuwa, na'urar ba ta cika cin musu duka ba. Abin da yake rage su shi ne katangar farko, wato soson da ya zagaye kunne ya toshe iska. Shi ya sa zaman hedfon a kanka yake da muhimmanci kamar na'urar da ke cikinsa. In soson bai manne da fata ba, ko na miliyan nawa ne, rabin aikin ya zube. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada ka sa rai da shiru irin na daji. Abin da za ka samu shi ne hayaniya ta ja baya, ta yi nisa, har ka iya jin karatu ko labarai ba tare da ka ƙure murya ba.

Mataki na biyu: duba irin tafiyarka

Iri biyu ne ke gabanka. Akwai babba mai rufe kunne gaba ɗaya, mai maɗauri ta saman kai. Akwai kuma ƙananan da ake cusawa a cikin kunne, waɗanda muke kira iyafis, irin su AirPods Pro na Apple ko jerin WF-1000X na Sony.

Idan yawancin tafiyarka zama ne na dogon lokaci, kamar jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa wanda yake cin awa biyu da wani abu, ko motar Jos da take cin rabin wuni, ko jirgin sama zuwa Jidda ko Landan, babban shi ne naka. Ya fi daɗin zama a kunne na tsawon awoyi, batirinsa kuma ya ninka na ƙananan sau da yawa. Ƙananan yawanci awa shida zuwa takwas suke yi kafin su koma cikin ɗan akwatinsu su sha caji.

Idan kuwa tafiyarka guntu-guntu ce, ka sauka daga tasi ka hau Keke, ka taka daga bakin titi zuwa ofis cikin rana, ka yi tunani sosai kafin ka sayi babba. Zafin Abuja a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne. Soson nan an lulluɓe shi da fatar roba wadda ba ta shan iska, cikin minti ashirin a motar da ba ta da sanyi za ka ji gumi yana bin bayan kunnenka. Kuma kusan duk manyan nan masu tsada ba a yi su don ruwa ko gumi ba, alhali ƙananan da yawa suna jure yayyafi. Mutumin Jos ya fi mu sa'a a nan, don a sanyin Disamba da Janairu babban hedfon har ɗumama kunne yake yi. Wani abokin aikina babban yake ajiyewa don tafiyar nesa, ƙananan kuma su ne na kullum. In aljihu ba zai ɗauki biyu ba, zaɓi wanda ya dace da inda ka fi kashe awoyi.

Daga nan zuwa ƙasa a kan manyan zan fi magana.

Na uku: wace waya ke hannunka

Sauti yana bi ta Bluetooth ne a matse, kuma akwai hanyoyin matsewa daban-daban. iPhone biyu kawai ta sani, SBC da AAC. Don haka mai iPhone da aka ce masa ya ƙara kuɗi saboda hedfon yana da LDAC ko aptX, an sayar masa da abin da wayarsa ba za ta taɓa amfani da shi ba. LDAC na Sony ne, yana iya ɗaukar har kilobit 990 a daƙiƙa, kuma yawancin wayoyin Android tun daga Android 8 suna da shi. Gaskiyar magana, a cikin bas ko jirgi, da wuya kunne ya bambance. Idan abin da kake saurare tafsiri ne, ko Sashen Hausa na BBC, ko saƙon murya na WhatsApp, wannan batu bai kai ya ɗaga maka hankali ba.

Abin da ya fi amfani shi ne hedfon ya iya haɗuwa da na'ura biyu a lokaci ɗaya. Kana kallon wani abu a kwamfuta, kira ya shigo waya, ya juya da kansa. Mai aiki a cikin jirgin Kaduna zai gode wa wannan. Sony da Bose da Sennheiser na yanzu duk suna yi. Na Apple yana sauyawa da kansa ne tsakanin kayan Apple kawai.

Na huɗu: rage su zuwa biyu ko uku

A sahun masu tsada, sunaye huɗu ne za ka yi ta karo da su.

Sony yana da jerin WH-1000X. XM4 ya fito a 2020, XM5 a 2022, XM6 a 2025. Dukansu awa 30 kamfanin ya ce suna yi da kashe hayaniya a kunne, nauyinsu kuma wajen giram 250. Ga bambancin da ya shafi matafiyi: XM4 yana naɗewa ya ƙanƙance, XM5 ba ya naɗewa, kwanciya kawai yake yi, don haka jakarsa tana cin wuri, sai XM6 ya dawo da naɗewar. XM5 an fara sayar da shi dala 399, XM6 dala 449. A ganina XM4, duk da shekarunsa, har yanzu yana cikin mafi dacewa ga wanda yake son aiki mai kyau ba tare da ya biya kuɗin sabon yayi ba, in dai ya samu na gaske.

Bose QuietComfort Ultra ya fito a 2023 a kan dala 429, batirinsa awa 24, yana naɗewa. An san Bose da laushin zama a kai, kuma wajen danne rugugin jirgin sama yana sahun gaba. Mai yawan bi ta filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya sa shi a lissafi.

Sennheiser Momentum 4 na 2022 shi ne sarkin batir, awa 60. A garin da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne: caji ɗaya zai iya kai ma'aikaci mako biyu. Muryarsa tana da daɗi ƙwarai. Wajen kashe hayaniya yana ɗan bayan Sony da Bose, ya ɗan fi su nauyi, kuma ba ya naɗewa.

AirPods Max na Apple ya fito a Disambar 2020 a kan dala 549, aka sabunta shi da ramin caji na USB-C a 2024. Da ƙarfe aka yi shi, ya kai giram 385, batirinsa awa 20. Yana da kyau a ido da hannu, kuma yanayinsa na barin sautin waje ya shigo yana da tsabta sosai. Amma nauyin nan wuya yana jin sa a doguwar tafiya, rigar da yake zuwa da ita ba ta kare shi a cikin jaka, kuma mai Tecno ko Infinix ko Samsung zai biya kuɗin abubuwan da ba za su yi masa aiki ba. In ba iPhone kake riƙewa ba, wuce shi.

Na kawo farashin da dala ne don ka sami ma'auni. Ka buga shi da canjin ranar da za ka saya, ka tuna akwai kuɗin shigo da kaya da ribar ɗan kasuwa. Tsofaffin samfura suna sauka da lokaci, wannan daidai ne. Amma in aka ce maka sabon samfuri a kwali ana ba da shi rabin kuɗinsa na Amurka, ka san ba alheri ake nufinka da shi ba.

Na biyar: sa shi a kanka

Wannan ne matakin da ya fi kowane, kuma shi aka fi tsallakewa. Kai ba iri ɗaya ba ne, kunne ma haka. Wanda ya zauna wa abokinka lafiya zai iya zame maka azaba. Ka je shago da ƙafarka. A Wuse 2, wajen Banex a kan titin Aminu Kano, da manyan kantunan Jabi, akwai masu sayar da irin waɗannan kaya, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka gwada na nuni ba. In babu na gwaji, ari na wani a ofis ka yi wuni da shi.

Ka je a yadda kake fita kullum. In kana sa tabarau, ka je da shi, don ƙafar tabarau tana ɗaga soson ta buɗe 'yar kafa, ta nan ƙara take shigowa. Mai siririyar ƙafa ba ta cika damuwa ba, mai kauri kuwa tana iya ɓata aikin. In kana sa hula, gwada da ita. Zanna bukar ko wata hula mai tsayi ba ta jituwa da maɗaurin saman kai: ko dai ka cire ta, ko ka tura maɗaurin baya, wanda hakan yake sa hedfon ya riƙa zamewa. Wasu samfuran maɗaurinsu yana buɗewa sosai har ya hau kan ƙaramar hula, wasu ba ya kaiwa. Ga mata, batun ya fi yawa. Ƙanwata da ta gwada nawa a kan hijabi, cewa ta yi, "Yaya, ai ni ina jin komai." Gaskiyarta, yadin ya shiga tsakanin soso da fata ya hana shi mannewa. A ƙarƙashin hijabi kuma babban hedfon ba ya shiga da daɗi, ga ɗaurin ɗankwali, ga 'yan kunne da soson yake dannawa a jikin wuya. Ita a ƙarshe ƙananan na cusawa ta saya, suna ɓuya a ƙarƙashin mayafi, kuma sun yi mata aiki fiye da nawa.

Da ka sa shi, kada ka kunna kiɗa tukuna. Bar shi a kashe ka ji yadda soson kaɗai ya rage ƙara. Sannan ka kunna kashe hayaniyar, har yanzu ba kiɗa. Ka roƙi mai shago ka matsa kusa da janareta ko na'urar sanyaya ɗaki, ko ka tsaya a bakin ƙofa inda ƙarar titi take shigowa. A nan ne za ka ji bambanci tsakanin wannan da wancan. In aka fara sa maka kiɗa mai ƙarfi, kowane hedfon zai yi kamar yana kashe hayaniya.

Ka saurari abu uku a cikin shirun. Na farko, wani siririn huci kamar iska tana fita daga taya. Kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa zai dame ka da dare. Na biyu, wani irin cikar kunne kamar lokacin da mota take hawan dutse ko jirgi yake sauka. Wasu mutane ba sa jin sa ko kaɗan, wasu kuwa har jiri da tashin zuciya yake sa su. In kana cikin masu ji, nemi wanda manhajarsa take bari a rage ƙarfin kashe hayaniyar. Na uku, juya kanka hagu da dama, ka yi kamar kana tauna, ka sunkuya. In ƙarar waje tana leƙowa duk lokacin da ka motsa, bai zauna maka ba.

Sai ka ba shi lokaci. Minti biyu ba ya nuna komai. Ka yi aƙalla kwata na awa da shi, ko da hira za ka yi da mai shagon. Ka lura ko saman kunnenka yana taɓa cikin kofin, don wasu kofunan ba su da zurfi, kuma abin da ya fara da ɗan taɓi zai koma raɗaɗi kafin ka kai Akwanga. Ka lura da tsakiyar kai, inda maɗauri yake zama, da gefen muƙamuƙi, inda matsi yake taruwa.

Bayan haka ka sa abin da kunnenka ya saba da shi, daga wayarka, ba daga wayar mai shago ba. Karatun da ka haddace muryar mai yin sa, ko waƙar da ka ji sau ɗari. Yawancin hedfon na zamani suna zuwa da kaurin ganga fiye da kima, wanda yake burge mutum a minti na farko amma yake danne murya. Ana iya gyara wannan a manhaja, amma ka tabbatar muryar mutum tana fita tas.

Abu na ƙarshe a shagon: fita bakin titi ka naɗi saƙon murya a WhatsApp da hedfon a kanka, ka tura wa kanka, ka saurara. Yadda ka ji shi, haka masu kiranka za su riƙa jin ka. Kashe hayaniya a kunnenka daban, tace muryarka ga wanda kake magana da shi daban, kuma akwai masu tsadar da suke faɗuwa a na biyun da zarar iska ta kaɗa.

Na shida: tabbatar ba jabu ba ne

Na taɓa faɗawa. Wani mai talla a intanet, hotuna masu kyau, farashi mai sauƙi, ɗan aike ya kawo mini har ofis. Kwalin a like da leda, rubutu daidai, har 'yar takardar garanti a ciki. Da na danna maɓallin, wata murya ta sanar cewa an kunna kashe hayaniya, amma ƙarar fankar ofis tana nan yadda take. Muryar kawai suka saka, na'urar babu. Da na kira lambar washegari, a kashe. Kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa ke nan, kuma har yau in na tuna sai na ji zafinsa.

Ga abin da nake yi tun daga lokacin. Kafin in bar gida nakan sauke manhajar kamfanin a waya: ta Sony ana kiranta Sound Connect, ta Sennheiser Smart Control, Bose ma yana da tasa. A gaban mai shago nake buɗe kwali in haɗa. Na gaske manhajar za ta gane shi, ta nuna sunansa da yawan cajinsa, ta bar ka ka canza saiti ka ji canjin nan take, sau da yawa ma ta ce akwai sabuntawa. Jabu yawanci a nan yake tonuwa. Na Apple sai an ƙara kula, don jabun yanzu suna iya fito da hoton haɗuwa a fuskar iPhone kamar na gaske, har su ari lambar shaidar wani na gaske. Ka duba lambar a shafin Apple, ka gwada ta da ta jikin kwali da wadda waya ta nuna, amma kada ka tsaya nan. Gwajin janareta shi ne alƙali, don jabu ba ya iya kwaikwayon shirun.

Ka yi magana a fili tun kafin kuɗi su fita. "Alhaji, zan buɗe a nan in gwada, in bai hau manhaja ba ba ciniki." Ɗan kasuwa na ƙwarai zai ce maka bismilla. Wanda ya ce in an buɗe an saya, ka yi masa sallama. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar hedfon a rubuce, ka tambayi kwana nawa suke karɓar kaya in matsala ta fito, a rubuta shi a jikin rasit ɗin. Garantin da aka buga a kwali sau da yawa na ƙasar da aka sayo kayan ne, don haka alkawarin mai shagon shi ne abin da ke hannunka.

Na hannu, wanda ake cewa Landan yus, ba laifi ba ne in ka san abin dubawa. Batir yana tsufa, kuma a yawancinsu canza shi aiki ne na mai gyara. Ka duba mahaɗin da kofin yake juyawa a kai, nan ne suka fi tsagewa. Soso da ya fara ɓarewa ba abin tsoro ba ne, ana sayar da sabo a canza, sai dai ka rage kuɗinsa a ciniki.

Batir, waya da jaka

Ka tabbatar ramin cajinsa USB-C ne, don caja ɗaya ta ishe ka da wayarka. Saurin caji ya fi yawan awoyi amfani a ranar da ka manta: XM5, alal misali, cajin minti uku da caja mai ƙarfi yana ba da awa uku, wato kafin ka gama ɗaura takalmi ka samu na zuwa ofis da dawowa.

Mai hawa jirgin sama ya duba ko akwai wayar sauti a cikin kwalin. Talabijin ɗin bayan kujera a yawancin jirage ramin waya yake da shi, ba Bluetooth ba, wasu tsofaffin ma rami biyu ne, sai da ɗan mahaɗi. Na Sony da wayar sauti yana ci gaba da aiki ko batir ya mutu, sai dai babu kashe hayaniya. AirPods Max ba shi da ramin sauti irin na kowa, sai ka sayi wayarsa daban. Fawa bank kuma a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a cikin akwatin da za a auna ba, saboda batirin litiyam.

Jakarsa mai tauri kada ka raina ta. A motar haya inda ake zama huɗu a baya, jakarka tana kan cinya wani ya jingina a kai, ita ce take tsakanin hedfon ɗinka da karyewa.

Bayan ka saya

Babbar ribar wannan kaya a wurina ita ce yana ba ka damar rage murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa huɗu kacal ne a mako. Mai iyafis na yau da kullum a cikin bas yana ƙure murya ne don ya rinjayi inji, kuma ƙananan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa. Da kashe hayaniya a kunne, rabin murya ya isa. iPhone da Samsung duk suna da wurin sa iyakar ƙarfin sauti a saiti, ka sa shi tun ranar farko. In ka cire hedfon ka ji kunnenka yana ƙara kamar kukan gyare, ka wuce gona da iri.

Akwai kuma inda bai kamata ka toshe kunne ba, kuma ina roƙonka ka ɗauki wannan da gaske. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kada ka tsallaka babban titin Kubwa ko hanyar filin jirgi da shi a kunne; hau gadar masu tafiya, kuma ko a kanta ka sauke shi wuya. Kada ka tuƙa mota da shi, kada ka hau babur da shi. In za ka tari motar da ba ta tasha ba, musamman da magariba, ka sa shi a jaka tun kafin ka tsaya a bakin titi. Duk mazaunin Abuja ya san labarin 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, kuma kana buƙatar jin abin da ake faɗa a cikin motar da ganin yadda ake kallon juna, ban da cewa kaya mai tsada a kai yana jawo ido. A hanyar Jos ma nakan cire idan an doso shingen jami'an tsaro ko dare ya fara. A tashar jirgi kuwa, yanayin barin sautin waje ya shigo ya wadatar, don kada sanarwa ko kiran sallah su wuce ka. Na Sony in ka ɗora tafin hannu a kan kofin dama, sautin waje yana shigowa nan take har ka ɗauke hannun. Amma in babba ne yake yi maka magana, cire shi gaba ɗaya ya fi ladabi.

Kulawarsa ba ta da yawa. Gumi da man gashi su ne suke cinye fatar soso, don haka ka goge shi da ƙyalle mai ɗan damshi in ka dawo, ka bar shi ya sha iska kafin ka rufe a jaka. Kada ka fesa turare da shi a wuya. Kada ka bar shi a motar da aka ajiye a rana, zafin yana kashe batir yana narkar da gam. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ƙananan ramukan makirufo da ke bayan kofin, kuma in suka toshe za ka ji kashe hayaniyar ta ragu ko ta fara wani fito. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa ya share su. Soson kuma in ya lotse ya daina komawa yadda yake, ka canza shi ko bai yage ba. Nawa na canza bayan shekara biyu, ranar da na lura ƙugin jirgin Kaduna ya fara dawowa kunnena, kuma da na sa sabo a tafiya ta gaba, tun kafin mu wuce Jere na ji ya koma yadda na saye shi.